Wind of Change: Waƙar da Aka Haifa a Mosko, Aka Raɗa Mata Suna a Berlin

Duk ranar 9 ga Nuwamba, idan gidajen talabijin na Turai suka tashi tuna faɗuwar katangar Berlin, wadda ta raba birnin gida biyu tsakanin Gabas da Yamma, hotunan da suke nunawa kusan iri ɗaya ne: matasa a bisa katanga riƙe da guduma, 'yan uwa na rungumar juna suna kuka, ƙananan motocin Trabant na Jamus ta Gabas sun yi jerin gwano suna ƙetara iyaka. Ƙarƙashin hotunan kuma sai ka ji wani yana fito a hankali, jita na biye da shi. Wannan fiton shi ne mabuɗin "Wind of Change", wato iskar sauyi, waƙar ƙungiyar Scorpions ta birnin Hanoba a Jamus. An daɗe ana haɗa hoton da fiton, har jama'a da dama suka ɗauka da wannan waƙa a baki aka rushe katangar.

Lissafin kwanaki bai yarda da haka ba. An buɗe katangar a daren 9 ga Nuwamba, 1989. Waƙar kuwa ba ta shiga kasuwa ba sai Nuwamba 1990, cikin kundin Crazy World, wata guda bayan Jamus ta Gabas da ta Yamma sun riga sun haɗe a ranar 3 ga Oktoba. Ba a fitar da ita a faifan kanta ba sai Janairun 1991. Ke nan cikin dubban da suka hau katangar a wancan dare babu ko mutum ɗaya da ya taɓa jin ta. Kuma idan ka bi baitocinta ɗaya bayan ɗaya, babu Berlin a ciki, babu katanga, babu Jamus. Abin da ke ciki kogin Moskva ne, da lambun shaƙatawa na Gorky, da wani daren Agusta, da sojoji na wucewa, da balalaika, molon nan na Rashawa mai kusurwa uku. Waƙa ce ta Mosko daga farkonta har ƙarshenta. Yadda aka yi ta zama taken wani abin da ba ta gani ba, shi ne abin dubawa.

Scorpions ba 'yan siyasa ba ne, ba kuma su taɓa cewa su ne ba. Rudolf Schenker ya kafa ƙungiyar a 1965 yana matashi, Klaus Meine ya zama mawaƙinta a wajajen 1970, kundinsu na farko ya fito a 1972. Tun farko suka zaɓi yin waƙa da Turancin Ingilishi, da lafazin Jamusanci mai nauyi da bai taɓa barin harshen Meine ba. Masu sharhin kiɗa na gida sun daɗe suna yi musu dariya a kan wannan, alhali a Japan da Faransa da Amurka filayen wasa cika suke yi maƙil. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. A 1981 muryar Meine ta mutu, aka yi masa tiyata a maƙogwaro, har ya ce wa abokansa su nemi wani mawaƙin. Schenker ya ƙi, ya ce za su jira shi. A 1984 suka fitar da Love at First Sting, kundin da ya ɗauke su zuwa sahun gaba na masu kiɗan rock mai amo. Kayan fata, dogon gashi, jita mai tsage kunne, waƙoƙin soyayya da sharholiya, da bangon faifai da wasu ƙasashe suka hana sayarwa saboda rashin kunya. Da za a tambayi mai sauraro a 1985 wace ƙungiya ce za ta rera waƙar ƙarshen yaƙin cacar baka, babu wanda zai kawo sunansu.

Amma akwai abin da suke ɗauke da shi wanda takwarorinsu na Amurka da Ingila ba su da shi. Meine da Schenker duk haihuwar 1948 ne, shekara uku bayan yaƙin duniya na biyu. Sun tashi a yankin da bama-bamai suka ragargaza, kusan kilomita 100 daga shingen da ya raba ƙasarsu biyu. Sa'o'in iyayensu su ne suka mamaye Tarayyar Sobiyet a 1941, yaƙin da ya ci rayukan mutanen ƙasar kimanin miliyan 27. Birnin Leningrad kaɗai an yi masa ƙawanya ta kwana 872, yunwa da sanyi suka kashe dubban ɗaruruwa. Bajamushe na wannan zamani, ko bai ɗauki bindiga ba, ya gaji kunyar.

To, a wannan birnin na Leningrad ne Scorpions suka yi wasa dare goma a watan Afrilun 1988. Da farko an shirya rabin wasannin a Mosko, hukumomi suka soke daga baya, aka tattara su duka a Leningrad. Shekara uku kafin nan, wani reshen ƙungiyar matasan jam'iyyar gurguzu a Yukren ya fitar da jerin sunayen mawaƙan ƙetare da bai kamata a sa a gidajen rawa ba, kowa da laifinsa a rubuce; Scorpions na ciki, laifinsu wai tada zaune tsaye. Hanin bai hana komai ba. Matasan Sobiyet sun daɗe da sanin hanyarsu: a shekarun baya suna sassaƙa waƙoƙin da aka haramta a kan tsofaffin hotunan ƙashi da asibitoci suka zubar, daga baya kaset ya zo, ana kwafa daga hannu zuwa hannu. Da Mikhail Gorbachev ya hau mulki a Maris 1985 ya fara sassauta takunkumi, sai aka tarar masu sauraro na nan a shirye, sun haddace baitocin da a hukumance ba su taɓa ji ba. Meine ya sha maimaita wata magana game da wannan tafiya, cewa iyayensu da tankokin yaƙi suka zo, su kuma da jita. Magana ce mai sauƙi, amma ita ce ginshiƙin waƙar da ta biyo baya.

Shekara guda da 'yan watanni bayan haka aka yi babban taron da ya haifi waƙar. A ranakun 12 da 13 ga Agusta, 1989, a filin wasa na Lenin, wanda yanzu ake kira Luzhniki, aka yi bikin kiɗa na zaman lafiya na Mosko. Bon Jovi, Ozzy Osbourne, Mötley Crüe, Cinderella, Skid Row, Scorpions, da wasu ƙungiyoyin gida irin su Gorky Park. Jama'a kimanin dubu ɗari, tashar talabijin ta waƙoƙi MTV na yaɗawa zuwa Amurka da wasu ƙasashe. Masu shirya taron biyu ne: Stas Namin, mawaƙi ɗan Mosko kuma jikan Anastas Mikoyan, ɗaya daga manyan jiga-jigan gwamnatin Sobiyet, da Doc McGhee, Ba'amurke manajan yawancin ƙungiyoyin, ciki har da Scorpions.

Labarin McGhee shi kansa abin a tsaya ne. A 1988 ya amsa laifin hannu a safarar tabar wiwi mai yawan gaske zuwa Amurka, amma bai kwana a kurkuku ba. An yi masa ɗaurin talala da tara da aikin al'umma, ya kafa gidauniyar yaƙi da shaye-shaye. Da sunan wannan gidauniya aka shirya bikin Mosko. Wato taro ne na wa'azin barin ƙwaya da giya, wanda mai safarar wiwi ya shirya, masu wa'azin kuma su ne mawaƙan da duniya ta fi sani da shaye-shaye. Waɗanda suka hau jirgin da ya kai su Mosko sun ba da labarin irin abin da aka sha a sama. A bayan dandamali aka yi ta faɗa kan wa zai riga wa hawa, wa zai rufe taro. Mai gangar Mötley Crüe ya naushi McGhee saboda an bar Bon Jovi sun kunna wutar wasa bayan an ce ba wanda zai yi, ƙungiyar kuma ta sallame shi. Na kawo wannan ne don a san ba daga wani tsarkakakken wuri waƙar ta fito ba. Cikin hayaniyar kasuwanci da son girma ta fito.

Sai dai abin da Meine ya gani daga kan dandamali daban ne. A Leningrad a 1988, jami'an tsaro sun tsare ko'ina, fuska ba annuri. A Mosko a 1989, sojojin da aka jibge don su tsare jama'a sun juyo suna kallon wasan, wasu na tafi, wasu na jefa hula sama. A cikin kwanakin kuma aka ɗauki mawaƙan da ma'aikatansu da 'yan jarida a jirgin ruwa cikin kogin Moskva zuwa lambun Gorky, inda Namin ke da cibiyarsa: Amurkawa, Ingilawa, Jamusawa, Rashawa, har da sojoji, duk a jirgi ɗaya. Baitin farko na waƙar wannan tafiyar ce kawai aka zayyana, ba ƙari.

Ya kamata a tuna wace irin shekara ce 1989 kafin Agusta. A Fabrairu sojan Sobiyet na ƙarshe ya fice daga Afganistan. A ranar 4 ga Yuni ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta lashe kusan duk kujerun da aka bari a yi takara a zaɓen Foland, a daidai ranar da sojojin Sin suka murƙushe masu zanga-zanga a Beijin. Hungari ta fara kwance wayar iyakarta da Ostiriya tun watan Mayu. Ba a buƙatar duba ko bugun ƙasa kafin a gane wani abu na motsi. Abin da ba a sani ba shi ne ko zai ƙare irin na Foland ko irin na Beijin. Meine ya koma gida ya rubuta waƙar a watan Satumba, shi kaɗai, baiti da kiɗa, abin da ba kasafai yake yi ba, don yawanci Schenker ne ke tsara kiɗan ƙungiyar. Wannan ne ya sa waƙar ke magana da harshen fata, ba harshen nasara ba. Mai rubuta ta bai san katanga za ta faɗi nan da wata biyu ba.

Fiton kuwa, dalilinsa ba wani zurfin tunani ba ne. Meine ba gwanin jita ba ne, don haka da ya so ya nuna karin da ke kansa, sai ya busa shi da baki. Da aka shiga sitidiyo da Keith Olsen, wanda ya tsara kundin, an gwada maye gurbin fiton da jita da wasu kayan kiɗa, bai zauna ba. Mutanen kamfanin faifai na Amurka sun matsa a cire shi, suna ganin ƙungiyar da aka sani da amo ba ta buɗe waƙa da fito. (A wajenmu ma dai yaro na fito da dare, babba zai kwaɓe shi, ko da yake dalilin daban ne.) Ƙungiyar ta ƙi. Yau idan ka cire fiton, rabin masu son waƙar ba za su gane ta ba. Kuma shi ne sirrin tafiyarta: fito ba ya da yare. Wanda bai iya ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba, a Siberiya ko a Santiyago, zai iya ɗaukar waɗannan 'yan muryoyi ya tafi da su.

Da ta fito a 1991, sai ta hau matsayi na ɗaya a Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Faransa, Holan, Nowe da Suwidin. A Ingila ta tsaya na biyu, don ta yi karo da waƙar Bryan Adams da ta yi mako 16 a saman jadawali. A Amurka ta kai na huɗu a ƙarshen Agusta 1991, 'yan kwanaki bayan masu ra'ayin riƙau sun yi yunƙurin hamɓarar da Gorbachev, daga 19 zuwa 21 ga watan, jama'ar Mosko suka fito suka tsaya gaban tankoki, juyin mulkin ya wargaje. Babu wani mai talla da zai iya sayen irin wannan dace. Ana ƙiyasin ta sayar da kwafi miliyan 14 a duniya, abin da ya sa ake lissafa ta a matsayin waƙar mawaƙan Jamus da ta fi kowace kasuwa. Sun rera ta da Rashanci, sun rera ta da Sifaniyanci. A Disamba 1991 Gorbachev ya karɓe su a fadar Kremlin, suka miƙa masa faifan zinariya da gudummawar kuɗi daga ribar waƙar don asibitocin yara. Kafin watan ya ƙare, ranar 25, ya yi murabus, aka sauke jar tuta, ƙasar da ya karɓe su da sunanta ta daina wanzuwa.

To me ya ɗauke ta daga Mosko ya kai ta Berlin? Na farko bidiyonta ne. Wayne Isham, wanda ya shirya shi, ya haɗa hoton ƙungiyar a dandamali da guntayen labaran duniya: ginin katangar, rushe ta, tankokin dandalin Tiananmen na Beijin, yaƙe-yaƙe da zanga-zanga. A zamanin da MTV ke maimaita bidiyo ɗaya sau da yawa a rana, abin da ido ya gani ya rinjayi abin da kunne ya ji. Na biyu, Jamus da ta haɗe tana neman waƙa, kuma waɗanda take da su ba su dace ba. Waƙar da ta yi tashe a Jamus ta Yamma a 1989, wadda aka rera a jikin katangar a daren shiga sabuwar shekara, ta David Hasselhoff ce, ɗan wasan talabijin na Amurka, sanye da riga mai walƙiyar fitilu. Ba abin da ƙasa za ta so ta tuna kanta da shi ba ne. Taken ƙasa kuma da duk wani abu mai ƙamshin kishin Jamusanci yana tada wa maƙwabta hankali, musamman a lokacin da Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya, da François Mitterrand, shugaban Faransa, ke ɗari-ɗari da haɗewar. Sai ga waƙa ta Jamusawa, da Ingilishi, tana kiran Rashawa 'yan uwa, ba ta zargi kowa ba, ba ta ce wani ya ci wani ya faɗi ba. Kamar an auna aka ɗinka.

Wannan rashin zargin shi ne ƙarfinta, shi ne kuma abin da nake ganin rauninta. Ba ta ambaci gurguzu ba, ba ta ambaci kurkuku ko 'yan sandan ciki ba. Sauyin a cikinta iska ce, abu ne da ke zuwa da kansa. Alhali mutane ne suka yi shi, da kasada. A Laifzig ta Jamus ta Gabas, ranar 9 ga Oktoba 1989, kimanin mutum dubu 70 suka fito kan titi suna sane cewa an tanadi sojoji, an kuma ce asibitoci su shirya. Abin da suke faɗa shi ne su ne jama'a, ba jam'iyya ba. Su kuwa matasan Sobiyet suna da tasu waƙar ta neman sauyi tun kafin Scorpions su zo, ta Viktor Tsoi da ƙungiyarsa Kino, wadda ta bazu ta hanyar wani fim na 1987. Tsoi ya mutu a haɗarin mota a Agusta 1990, amma da mutanen Belarus suka fito zanga-zanga a 2020, tasa waƙar suka ɗauko, ba ta Meine ba. Bambancin a fili yake. Ta Tsoi buƙata ce daga bakin wanda abin ya dama. Ta Meine kallo ne na baƙo mai kyakkyawar zuciya da ya zo ya ga alheri ya koma gida. Ɗaya ta titi ce, ɗaya ta bikin tunawa.

Kuma bikin tunawa ta samu. A 1999, cikar shekara goma da faɗuwar katanga, an rera ta a ƙofar Brandenburg da ke Berlin tare da Mstislav Rostropovich, shahararren makaɗin babban goge da Sobiyet ta taɓa ƙwace wa takardar zama ɗan ƙasa, da tarin masu goge a bayansa. A 2000 suka sake ɗaukar ta da ƙungiyar makaɗan Berlin Philharmonic. A 2005 masu kallon tashar ZDF ta Jamus suka zaɓe ta waƙar ƙarni. A 2011 suka rera wa Gorbachev ita a bikin cikarsa shekara 80 a Landan. Bidiyon ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Sai a 2020 wani sabon babi ya buɗe. Patrick Radden Keefe, ɗan jaridar mujallar New Yorker, ya fitar da shirin sauti na intanet mai kashi takwas, yana bin diddigin wata jita-jita da wani abokinsa ya ji daga bakin tsohon jami'in leƙen asiri: wai CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ce ta rubuta waƙar, ta miƙa wa Scorpions, don a narkar da zukatan matasan Sobiyet. Keefe ya nemi takardu daga hukumar, ta ba shi amsar nan tata da ba ta cewa e ba ta cewa a'a. Ya bi tsofaffin jami'ai, ya bi McGhee da tambayar yadda ya tsira daga ɗauri, daga ƙarshe ya zauna da Meine a Hanoba. Meine ya yi dariya ya musanta. Babu wata hujja da ta fito.

Dalilin da ya sa ba a watsar da zancen nan take ba shi ne, CIA ta yi irin wannan aiki a baya, kuma an tabbatar. Ita ta riƙa zuba kuɗi a ɓoye cikin Congress for Cultural Freedom, ƙungiyar marubuta da masana masu adawa da gurguzu, daga 1950 har asiri ya tonu a 1966 da 1967. Ita ta buga littafin Boris Pasternak da aka haramta a Sobiyet, da Rashanci, ta sa aka raba wa baƙi 'yan ƙasar a baje kolin Brussels na 1958. Hukumar da kanta ta saki takardun a 2014. Abin ya taɓo mu ma: kuɗin waccan ƙungiya ya shiga kulob ɗin Mbari na Ibadan da taron marubutan Afirka na jami'ar Makerere ta Uganda a 1962, kuma wata ƙungiyar da ta kawo mawaƙiya Nina Simone da marubuci Langston Hughes daga Amurka zuwa Legas a Disamba 1961 daga baya an gano da kuɗin hukumar take tafiya. Yawancin waɗanda suka amfana ba su san daga ina kuɗin yake ba.

Amma a lura da yadda aikin yake. A duk waɗannan misalan, hukumar ba ta rubuta littafi ba, ba ta tsara waƙa ba. Ta samu abin da wani ya riga ya yi da zuciya ɗaya, ta sa masa ƙafa. Rubuta waƙar da za ta ci kasuwar duniya abu ne da kamfanonin faifai masu ƙwararru da maƙudan kuɗi ke gwadawa kullum suna faɗuwa. Ga kuma matsalar lokaci: wace riba za a samu da makamin farfaganda da ya iso bayan Foland, Hungari, Cekoslobakiya, Romaniya da Jamus ta Gabas duk sun riga sun fice daga mulkin gurguzu? Ni a ganina, jita-jitar ta samu karɓuwa ne don ta dace da tunanin zamanin da aka yaɗa ta. Mutumin 2020, wanda ya ga yaƙin Iraƙi da ƙaryar da aka kafa shi a kai, ya ga yadda ake sarrafa ra'ayi a Facebook, yana jin nauyin yarda cewa wani zai iya rubuta baiti mai sauƙin zuciya haka kuma da gaske yake. Ya fi masa sauƙi ya ce ɗan leƙen asiri ne.

Akwai kuma tambayar da ta fi ta CIA nauyi: iskar ta kai mutane inda waƙar ta yi alkawari? Ga Foland da Cek da ƙasashen Baltik, amsar ta fi kusa da e. Ga Jamus ta Gabas, 'yanci ya zo tare da rufe masana'antu, miliyoyi suka rasa aiki cikin 'yan shekaru, matasa suka kwarara yamma, kuma har yau taswirar zaɓen Jamus na nuna inda tsohuwar iyaka take. A Yugoslabiya, yaƙi ya ɓarke a daidai bazarar da waƙar ke saman jadawali. A Rasha, farashin kaya ya ninka fiye da sau ashirin a 1992 kaɗai, ajiyar tsofaffi ta zama takarda, tankoki suka yi luguden wuta kan majalisar dokoki a Oktoba 1993, yaƙin Ceceniya ya fara a 1994, tsawon ran namiji ya faɗi ƙasa da shekara 60. Gorbachev, wanda Turawan Yamma ke yi wa waƙa, da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1996 ko kashi ɗaya cikin ɗari bai samu ba. Iskar ta kaɗo har yankinmu: taron ƙasa na Jamhuriyar Benin a Fabrairu 1990, na Nijar a 1991, zaɓen Mahamane Ousmane a 1993, sannan soja suka dawo a Janairu 1996. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru ya san tazarar da ke tsakanin ranar murna da shekara biyar bayanta.

Saboda haka a Rasha waƙar ta zama abu biyu. Ga wasu tunawa ce da lokacin da ƙofa ta buɗe, shi ya sa Scorpions suka ci gaba da cika filaye daga Mosko har Siberiya shekara da shekaru. Ga wasu kuma kiɗan yaudara ce, sautin lokacin da aka rungume su da hannu ɗaya ana kwashe musu ƙasa da ɗayan. Vladimir Putin, wanda ke aikin KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, a Dresden ta Jamus ta Gabas lokacin da katangar ta faɗi, ya gina mulkinsa a kan wannan fahimta ta biyu. A 2005 ya kira rushewar Sobiyet babban bala'in siyasar duniya na ƙarnin da ya wuce.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2022, sojojin Rasha suka afka wa Yukren. Wata guda bayan haka, a wani wasa a Las Vegas, Meine ya sauya baitocin farko na waƙar. Ya cire kogin Moskva da lambun Gorky, ya sa kalaman goyon bayan Yukren, aka haska launin shuɗi da rawaya a bayansa. Ya bayyana cewa ba lokacin yi wa Rasha waƙar soyayya ba ne. Wasu sun yaba, wasu masoyansu na Rasha sun ji an yi musu butulci.

Ana iya fahimtar dalilinsa: mutum ba zai tsaya yana rera daɗin daren Mosko ba alhali daga Mosko ake ba da umarnin harba makamai kan Kharkiv da Mariupol. Amma gyaran ya zo da asara da ba a cika faɗa ba. Waɗannan baitocin da aka cire su kaɗai ne wuri a waƙar da ke da suna da rana da mutane na gaske. Sauran duk mafarki ne da yaran gobe da 'yan uwantaka, kalmomin da kowane taro zai iya ara. Kuma mutanen da ke cikin baitocin ba gwamnati ba ce. Matasa ne da ƙananan sojojin da suka juya wa umarni baya suka kalli dandamali, irin waɗanda shekara biyu bayan haka suka tare tankoki a gaban majalisa. Sa'o'insu da 'ya'yansu na cikin dubban da aka kama a biranen Rasha a makonnin farko na yaƙin saboda sun fito sun ce ba su yarda ba, kuma da yawa sun tsere zuwa Jojiya, Armeniya da Kazakistan. Da aka goge Moskva daga waƙar, har da su aka goge.